Ranar da Aljirif Ta Gurfanar da Uwar Shehu Umar

Laifin wutar lantarki ne. Da ba a ɗauke ta ba a daren nan, da matan gidan suna gaban talabijin suna kallon wasan Turkawa mai fassarar Larabci, maza suna ƙofar gida suna musun ƙwallon Hilal da Merrikh, ni kuma ina ɗaki ina kokawa da nahawu. To, aka ɗauke. Zafin Hartum kuwa ba ya jiran a yi masa izini, sai kowa ya jawo angarib ɗinsa, gadon nan nasu na igiya, zuwa tsakar gida.

A shekarar 2022 ke nan. Ina ɗalibi a Jami'ar Afirka ta Duniya, ina haya a wani gidan Hausawa a Aljirif ta Yamma, tsakanin Titin Sittin da bakin kogi. Na kunna fitilar waya, na buɗe wani ɗan siririn littafi da na taho da shi daga Zariya. Ban yi shafi biyu ba tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Habboba, ta ɗago kai.

"Ɗan Zazzau, me kake dubawa kake ta gyaɗa kai kamar ƙadangare?"

Na ce, "Labarin wani yaro ne da aka sace, Habboba."

Da na san abin da wannan amsa za ta jawo mini, da na ce lissafi nake yi.

Mutanen gidan Hausarsu garau take, sai ɗan gishirin Larabci da suke barbaɗa mata. Kakanninsu sun biyo hanyar gabas ne a ƙafa. Na wajen Habboba suna cikin ayarin da ya bi Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Na wajen maigida kuwa niyyar aikin hajji ta fito da su, audugar Jazira ta riƙe su. Amma karatunsu na Larabci ne, in ka miƙa musu Hausar boko, sai su ce Turanci ka ba su. Don haka aka naɗa ni mai karatu, ba albashi, sai shayi.

Littafin kuwa Shehu Umar ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tsaran su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mai karatu ɗaya zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Mu sai da muka kwana goma sha ɗaya muna kansa, domin Bahaushe ba ya sauraron labari, shari'a yake zama. Ka karanta layi uku, a yi muhawarar rabin sa'a, a yanke hukunci, wani ya ɗaukaka ƙara.

Tun a farkon littafin an nuna Umar dattijo ne, babban malami, yana zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa da bakinsa. Duk mai hankali ya san yaron bai mutu ba ke nan. Amma duk sanda ya shiga wani haɗari sai Habboba ta dafe ƙirji, "Shi ke nan, sun kashe shi!" Na ce, "Habboba, ai shi ne yake ba da labarin." Ta harare ni. "Kai ka san gaibu? Karanta mana abin da aka rubuta, ka bar shiga hurumin Allah."

A dare na biyu maƙwabta suka fara shigowa. Ta farko ita ce Inna mai godo-godo, wadda ta shigo aron ashana ta zauna har sha biyun dare. Tun kafin a sace yaron ta gano ɓarawon. "Kishiya ce." Na ce ba a kai wajen ba tukuna. Ta ce ba sai an kai ba. Da aka kai, ya bayyana wani baƙon mutum ne ya yaudari yaron ya tafi da shi, sai ta gyara zama ta ce, "To wa ya aiko shi?" Har muka rufe littafin Inna ba ta janye ƙararta ba. A ganinta marubucin namiji ne, ya rufa wa kishiyar asiri ne kawai.

Ɗan maigida, direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, shi ne jami'in bincike. Shi kuma Makau ya sa wa ido, mijin uwar Umar. Hujjarsa ɗaya ce, wai ba a taɓa yin mijin uwa mai son agola ba. A banza na nuna masa cewa Makau ma korarsa aka yi daga Kagara saboda sharrin fadawa, yana can Maƙarfi yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Direba ya ce, "Ya zol, ai wannan shi ne wayon. Ka tafi nesa don a ce ba ka nan." Ya ƙara da cewa da a yanzu ne, cikin sa'a biyu zai gano yaron. Hoto kawai zai watsa a waya, direbobin raksha daga Aljirif har Kasuwar Libiya su baza ido, an gama. A riƙe wannan magana tasa, za mu dawo kanta.

Shi kuwa maigida, Baba mai agashe, wato tsiren nan namu da ya zama ɗan gari a Sudan, tun daren farko ya bayyana matsayinsa. Littafin hikaya ƙarya ce, sauraronsa aikin mata ne da marasa sana'a. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma bayan katangar zaure. Sai dai duk sanda na sassauta murya, sai a ji tari daga bayan katanga. In na ɗaga, tarin ya warke. A dare na huɗu na tsallake wani sakin layi don mu yi sauri, sai muka ji daga zaure, "Ustaz, ka yi tsallake. Ba a faɗi yadda aka yi ya isa Kano ba." Aka yi tsit. Ya ce shi fa ba saurare yake ba, iska ce ta kawo masa.

Inda aka fi yin shagali shi ne wajen kura. Ɓarawon yaron bai ci ribar satarsa ba, kura ta yi kalaci da shi. Inna ta rangaɗa guɗa har karnukan unguwa suka amsa. Habboba ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya yi wa kurar nan albarka, ya raya mata zuriya." Ni dai tun da nake jin tatsuniya, daga Gizo ya cuce ta sai a yi mata dariya, ban taɓa jin an sa wa kura albarka ba sai a Aljirif.

Akwai abin da na lura da shi, na kuma yi shiru saboda ina son shayina. Makau ɗin nan da matan suka yi ta yi wa kuka don an yi masa ƙazafi, a kan me aka yi masa ƙazafin? Harin bayi suka je da mutanen sarki, aka ce ya ɓoye wasu daga cikin abin da ya kamo. Wato shi ma ya raba wasu 'ya'ya da iyayensu. Babu wanda ya tambayi halin da waɗancan iyaye suka shiga. Su ba a faɗi sunansu ba, hawayenmu kuwa sai mai suna yake yi wa zuba. Da na gwada taɓo zancen a kaikaice, Habboba ta ce, "Wancan zamani ne. Ci gaba."

Da yaron ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu, sai majalisa ta dare biyu. Fakin halwar unguwa, wato malamin makarantar allo, wanda a lokacin ya zama ɗan majalisa na dindindin, ya ce mutumin kirki ne, ga shi ta dalilinsa yaro ya zama shehi. Inna ta ce, "Allah gafarta malam, in akuyarka ta ɓata, ka same ta a gidan wani ta yi ƙiba, godiya za ka yi masa ko ƙara za ka kai?" Faki ya ce mas'alar tana da tafsili. Duk mas'alar da Inna ta kawo tana da tafsili. Wadda ba ta da tafsili ita ce ta auren Makau, ya kwashe dare guda yana lissafin shekarun da miji zai jira matar da ta ɓata, da wanda zai gaji gonar Maƙarfi, gonar da babu wanda ya ce akwai ta.

Sai kuma Gwaggo ta Umdurman. Labari ya kai mata, ta riƙa ketare gada tana shan cunkoso tana zuwa, kullum a makare, kullum kuma sai ta ce a koma farko. Ita ba ta da fargaba, domin ta san ƙarshen. Ta ga irinsa a fim ɗin Indiya ba sau ɗaya ba. Akwai tabo a kafaɗar yaron, ko kuwa wata laya da aka raba biyu, uwar za ta gane shi a wajen biki, a rungume juna. Na ce babu zancen tabo. Ta ce, "Za ka gani. Ba su faɗa da wuri."

Ita ce kuma ta fi kowa matsa mini in faɗa mata a asirce. Ta tare ni a bakin randa, "Ɗana, tsakanina da kai, sun haɗu?" Na ce sun haɗu. Ta ja tsaki ta ce na ɓata mata labari, yaran yanzu ba su da ta ido. Kafin magariba duk matan layin sun ji, kowace kuma ta zo ta same ni ta ce ba ta son a gaya mata komai, amma dai a ina suka haɗu?

Duk wannan sharar fage ce. Babbar shari'a ita ce ta uwar Umar, an kuma ware mata yammacin Juma'a, bayan la'asar, aka dafa jabana, wato gahawa, aka kawo gyaɗa. Laifinta shi ne ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar yaro amana a hannun wata mata. Ita uwar daga baya ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta keta Sahara a matsayin baiwa har ƙasar Libiya ta yau. Duk wannan bai sa an yi mata sassauci ba. Inna ta ce ita ko banɗaki za ta shiga da ɗanta a baya take shiga. Gwaggo ta ce matan da can ma son yawo gare su. Amaryar gidan, matar direba, ta ce ita idonta ba ya sauka daga kan nata ɗan ko na ƙiftawa ɗaya. Baba ya leƙo daga zaure ya ce a gidan da akwai namiji tsayayye yaro ba ya ɓata. Habboba ta kawo labarin ƙanen kakanta da ya ɓace a hanyar Wadai lokacin hijira, ta ce ƙila ma shi ne Umar ɗin, an canja suna ne. Na ce ai labarin ƙirƙira ne. Ta ce, "Mu da abin ya faru a gidanmu za ka gaya wa?"

Sa'a biyu ana wannan. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Ana gab da yanke hukunci sai Habboba ta waiwaya za ta ba jikanta gyaɗa, ɗan shekara biyar, wanda take kira mijinta, wanda kullum yake kwance a gefen ƙafarta ana karatu.

"Ina mijina?"

Amarya ta ce ai yana wajen Baba. Baba ya ce ai yana wajen uwarsa. Inna ta ce ta ga kamar ya bi ubansa. Uban yana zaune a gabanta da kofin jabana a hannu.

Abin da ya biyo baya, ko marubucin bai isa ya tsara shi ba. Amarya mai ido ba ƙiftawa ta zube ƙasa tana kiran sunan uwarta. Jami'in bincike ya zaro waya zai watsa hoto, ya yi ta shafa allo yana wucewa, hoton raksha ta gaba, hoton raksha ta baya, hoton raksha an wanke ta, hotonsa da rigar Hilal. Hoton ɗansa ɗaya ya samu, na ranar suna, yana cikin zani ba a ganin ko hancinsa. Inna ta ɗaura gyale ta nufi gidan wata maƙwabciya da suka yi faɗa a kan bokiti tun bara, ta ce dama ta san za a rina. Faki ya ce a kawo masa tawada da allo da farin zakara, kuma wannan mas'ala ba ta da tafsili. Namiji tsayayye ya fita a guje da takalmi ƙafa ɗaya, riƙe da tsinken agashe, ya yi gabas, ya dawo ya yi yamma, yana tambayar mutane ko sun ga yaro, ba tare da ya faɗi kamanninsa ba. Gwaggo tana bin kowa tana cewa a tuna ko yana da tabo.

Ni kuwa ina tsaye da littafi a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata.

Ana kiran magariba sai ga wani bawan Allah, ma'aikaci a wuraren gasa jan bulo da ke bakin kogi, ya riƙo hannun yaron. A can ya tsince shi zaune yana jiran jirgin ruwa. A hannunsa akwai gorar ruwa da tsinken agashe biyu a naɗe cikin takarda. Da aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce Masar. Ubansa ya taɓa gaya masa cewa ruwan nan in ya haɗu da ɗan'uwansa a Mugran, Masar yake wucewa. Shi kuma ya ji an ce Umar yana can, uwarsa tana ta kuka. Zai je ya taho da shi. Tsinke ɗaya nasa, ɗaya na Umar.

Kwana takwas manya suna bayanin yadda ake neman yaron da ya ɓata, wanda ya tashi ya tafi neman shi kaɗai ne, har da guzuri.

Kada mai karatu ya zaci wani ya ji kunya. Kotu ta sake zama a take, ta wanke uwa, ta wanke uba, ta wanke kaka, ta sami mutum ɗaya da laifi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Wa ya kawo littafin da ke koya wa yara bin hanya? Habboba ta karɓe shi ta kulle a akwatin ƙarfenta, tare da turarenta da likkafaninta. Aka yanke mini shayin dare. Game da uwar Umar kuwa, ba a sake ta da maganar ba, ba a kuma ce an yafe mata ba. An dai ɗage shari'ar, irin ɗagewar da ba a sa rana.

Dare uku gidan ya yi shiru, ga wuta an kawo, ga Turkawa a talabijin, ba mai kallo. A na huɗu Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da agashe mai zafi a faranti. "Ustaz, ba don ni ba, ka san ni ban damu da waɗannan abubuwa ba. Matan nan ne ba sa barci. A ƙarasa musu." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Mafarkin nan da ya yi na uwarsa, a nan muka tsaya."

Muka ƙarasa. Umar ya baro Masar, ya sadu da uwarsa bayan shekaru, ta tsufa, wahala ta cinye ta. Aka fara guɗa. Ban iya tsayar da su ba, ban kuma iya tsallake abin da ke biye ba, Baba yana bayan katanga. Ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu.

Wanda bai ga bika a Sudan ba, wato zaman makoki, bai san kuka ba. Matan da suka kwana takwas suna tsine wa baiwar Allah nan su ne suka fi kowa kururuwa. Inna ta ce mace ce ta gari, irinta ba a samu yanzu. Wata maƙwabciya ta shigo a guje tana tambayar wa ya rasu, aka ce uwar Umar, ta fashe da kuka, sai da ta share hawaye ta ce wane Umar. Washegari Habboba ta sa aka yi sadakar waina.

Daga nan fushi ya koma kan marubuci. Wane irin mutum ne wannan mara imani? Na ce shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko. Direba ya ce, "Firayim Minista guda, da 'yan sanda da soja a hannunsa, ya kasa ceton mace ɗaya?" Na yi bayani cewa lokacin da ya rubuta yana saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fito daga Kwalejin Katsina, malamin makaranta a Bauchi, ko ɗan doka ɗaya ba shi da shi. Suka ce to da ya hau mulki me ya hana shi gyarawa? Sai da na ce sojoji sun kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, sannan Habboba ta yi shiru, ta ce Allah ya ji ƙansa, ta yafe masa rabi.

Gwaggo ba ta zo daren ƙarshe ba, cunkoso ya riƙe ta. Habboba ta kira ni gefe ta ce matar nan tana da hawan jini, in ta zo in karanta mata yadda ya kamata. Na riƙe littafi a buɗe, na zuba mata daga kaina: uwa ta warke, ɗa ya kai ta Makka, suka biyo ta Sawakin, suka dawo gida ta ga jikoki. Gwaggo ta ce, "Ta tabon ta gane shi, ko?" Na dubi Habboba, Habboba ta dube ni. Na ce ta tabon ne. Saboda haka Shehu Umar riwaya biyu gare shi a ƙasar Sudan, riwayar Aljirif da riwayar Umdurman, kuma mutanen Umdurman sun fi samun rangwame.

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Muka bar Hartum, kowa ya kama gabansa, littafin yana cikin akwatin ƙarfe, akwatin yana Aljirif. Mutanen gidan sun sauka a Gadarif, an ƙirga kowa ya cika, mai zuwa Masar ma yana nan, an ce yanzu da igiya Habboba take ɗaure ƙafarsa a jikin gadonta in za ta yi barci.

Kwanan baya ta sa direba ya aiko mini da saƙon murya. Wai in nemo mata wani Shehu Umar ɗin, amma sabon bugu, kada in kawo tsoho, ƙila zuwa yanzu hukuma ta gyara ƙarshen. Don haka duk wanda ya san mai sayar da littattafai a Sabon Garin Zariya ko Kasuwar Kurmi da ke da bugun da uwar ba ta mutu ba, don Allah ya yi mini magana. Habboba ta ce ko nawa ne za ta biya, Baba kuma ya ce shi ba ruwansa, amma a duba a tabbata shafukan sun cika.